Kalangu da fiyano: Yadda na'urar Japan ta sauya kiɗan Kano

Sama da shekaru 25 ke nan da ƙaramar fiyano mai aiki da lantarki ta karɓe fagen kiɗa a birnin Kano. A yanzu ita ma kwamfuta ta ture ta gefe, kuma wani ɓangare na tarihin waƙar Hausa na nan kulle a cikin tsofaffin na'urorin da aka jingine a lungu.

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Kurmi da ke tsakiyar birnin Kano, ba zai rasa ganin kalangu da ganga da goge suna rataye a rumfunan masu kayan gargajiya ba, gefen jakunkunan fata da takubba da ƙorai masu zane.

Ita dai wannan kasuwa an kafa ta ne a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga shekara ta 1463 zuwa ta 1499, kuma da zamaninsa ne littafin tarihin Kano ya danganta shigowar kakaki fada. Ke nan ana iya cewa kasuwar da kakakin sa'o'in juna ne.

To amma yawancin kiɗan da ke fita daga Kano a yau, wanda ake ji a gidajen biki da motocin haya da wayoyin hannu, babu hannun ko da kalangu ɗaya a cikinsa. Da na'ura ake haɗa shi. Kayan kiɗan da ke rataye a Kurmi kuwa, in ban da waɗanda makaɗan da suka riƙe gadonsu ke saye, da dama sukan ƙare ne a hannun baƙi da masu neman tsaraba ko kayan adon ɗaki.

Yadda aka yi aka zo nan, labari ne da ya haɗa injiniyoyin Amurka da na Japan, da finafinan Indiya, da kuma wasu matasa 'yan cikin birni waɗanda ba su gaji kiɗa ba.

Fiyano suna ne kawai

Abin da ake kira fiyano a situdiyon Kano ba ita ce fiyanon Turawa ta asali ba. Waccan babbar akwati ce ta katako mai wayoyin ƙarfe a ciki, waɗanda wasu 'yan ƙananan guduma ke bugawa idan an danna madannai. Ta Kano kuwa babu waya babu guduma, lantarki ne ke samar da sautinta. Jerin madannan nan farare da baƙaƙe ne kawai ya sa ta ci sunan.

Shi sauti ba komai ba ne illa girgizar iska. Fatar kalangu na girgiza idan an buga ta, tsirkiyar goge ma haka idan an goga ta, su kuma su girgiza iskar da ke isa kunne. Idan aka sa wutar lantarki ta riƙa kai-komo bisa wani tsari, sannan aka tura ta cikin lasifika, lasifikar za ta girgiza iska daidai da wannan tsari. Na'urar da ke ƙirƙiro irin wannan kai-komo ba tare da an bugi komai ba, ita ake kira sintasaiza, wato na'urar haɗa sauti.

Wani injiniya ɗan Amurka mai suna Robert Moog na daga cikin waɗanda suka fara fitar da ita kasuwa, a shekara ta 1964. Nasa na farko manya ne, cike da wayoyin da ake sokawa ana zarewa. A shekara ta 1970 kamfaninsa ya fito da ƙaramar Minimoog, wadda mutum ɗaya ke iya ɗauka zuwa wurin wasa.

A irin waɗannan na'urori na farko, wani sashe ne ke samar da ɗanyen sauti, wani ya tace shi ya rage masa kaifi, wani kuma ya tsara yadda zai tashi da yadda zai mutu. Minimoog sauti ɗaya tak take fitarwa a lokaci guda, ba ta ajiye abin da aka tsara mata, kuma idan ta ɗauki zafi muryarta kan ɗan kauce. Abin mamaki, wannan kaucewa da makaɗan wancan lokaci ke ƙorafi a kanta, ita ce masu sha'awar tsofaffin na'urori ke kashe maƙudan kuɗi a kanta a yau, suna cewa ita ke sa sautin ya yi rai.

Babban sauyi ya zo ne a shekara ta 1983, lokacin da kamfanin Yamaha na Japan ya fitar da samfurin DX7, wanda ke samar da sauti ta hanyar lissafi irin na kwamfuta, bisa wata dabara da John Chowning ya gano a Jami'ar Stanford. An sayar da ita a kan kimanin dala dubu 2, kuma an yi cinikin sama da guda dubu 150. A wannan shekarar ce kuma aka ƙaddamar da tsarin MIDI, wanda ya bai wa na'urorin kamfanoni daban-daban damar fahimtar juna. Dave Smith na Amurka da Ikutaro Kakehashi, wanda ya kafa kamfanin Roland, su ne jagororin wannan aiki.

Sai dai ba Moog ce ta ci Kano ba, ba kuma DX7 ba. Wata iri ce ta daban, wadda ƙwararru a ƙasashen Turai ke ɗauka tamkar ta 'yan koyo: ƙananan fiyanon gida na kamfanin Casio, da kuma jerin PSR na Yamaha.

Samfuran PSR na shekarun 1990 ba su ƙirƙirar sauti daga tushe. An naɗi sautin kayan kiɗa na gaskiya ne aka zuba a ƙwaƙwalwarsu, madannai kuma su riƙa kiran sa. Daɗin daɗawa, suna ɗauke da tsararrun salon kiɗa masu tafiya da kansu. Mai kiɗa ya zaɓi salo, ya danna madanni biyu ko uku da hannun hagu, na'urar ta saki ganguna da sauran rakiya, shi kuma ya bi da karin waƙa da hannun dama. Mutum ɗaya ya zama ƙungiya guda. Wannan shi ne sirrin duka.

Yadda ta shigo birni

Kafin fiyano ta iso, kunnen Bakano ya riga ya saba da wani kiɗa na waje. A farkon shekarun 1950 aka buɗe sinimar Palace a unguwar Jakara, dab da Kasuwar Kurmi, wadda ita ce ta farko a cikin ganuwa, kuma buɗe ta ya jawo ka-ce-na-ce. A shekarun da suka biyo baya finafinan Indiya suka mamaye gidajen sinima na Kano, daga bisani kuma suka shiga talabijin. Har ta kai ga wasu ƙungiyoyin masu bandiri, irin su Ushaƙu Indiya, suna ɗaukar karin waƙoƙin finafinan suna ɗora baitocin yabon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kamar yadda masanin nan Brian Larkin ya rubuta a bincikensa kan Kano.

Saboda haka da aka fara finafinan bidiyo na Hausa da fim ɗin Turmin Danya a shekara ta 1990, ba a daɗe ba masu kallo suka nuna cewa suna son waƙa da rawa irin waɗanda suka saba gani. Matsalar ita ce wa zai yi kiɗan.

Makaɗan gargajiya suna nan, kuma a lokacin manyansu na raye. Alhaji Mamman Shata bai rasu ba sai a shekara ta 1999, Ɗan Maraya Jos kuma ya kai shekara ta 2015. Amma tsarinsu bai dace da na fim ba. Makaɗi irin Shata tafe yake da masu kalangu da 'yan amshi, kowa da haƙƙinsa. Waƙarsa tasa ce, shi ke shirya ta, kuma galibi yana yin ta ne domin wani mutum ko wani sha'ani. Ba a miƙa masa takarda a ce ga baitoci ya rera, balle a ce wani saurayi ne zai motsa baki a kansu a gaban kyamara. Mai shirya fim da ɗan jarinsa kuwa, abin da yake bukata shi ne kiɗan da za a gama cikin yini ɗaya, a biya mutum ɗaya.

Binciken Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, wanda ya fi kowa bin diddigin wannan tarihi, ya nuna cewa da ƙaramar Casio samfurin MT-140 aka fara, a hannun Nasiru Ishaƙ Gwale, wanda ya yi wa wasu finafinan farko kiɗa. Daga nan kamfanin Iyan-Tama ya sayi Yamaha PSR-220 a shekara ta 1996, situdiyonsa kuma ya zama matattarar masu son a yi musu kiɗan fim. Sai kuma samfurin PSR-730, wanda da shi aka yi kiɗan Sangaya na kamfanin Sarauniya, fim ɗin da Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki wajejen shekara ta 1999.

Nasarar Sangaya ce ta tabbatar wa 'yan kasuwa cewa waƙa ke sayar da fim. Akan saki kaset na waƙoƙin tun kafin fim ya fito, kuma dillalan Ƙofar Wambai da na Bata su ne ke rarraba shi zuwa sassan arewacin Nijeriya da Nijar da sauran wuraren da Hausawa ke zaune. Situdiyo suka yawaita, musamman a titin gidan Zoo. Salon da ya fito daga nan shi ne aka laƙaba wa suna nanaye, sunan da ya samo asali daga amshin waƙoƙin 'yan mata na dandali.

Akwai kuma wani dalili da ba na kuɗi ba. A al'adar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, kuma ana haɗa ta da roƙo, abin da ya sa gidaje da dama ba su yarda ɗansu ya rataya kalangu ba. Fiyano kuwa ba ta da gidan gado. Ba ta mahauta ba ce kamar yadda aka san kalangu, ba ta fada ba ce kamar kotso da taushi, ba ta kuma da tabon da ake shafa wa goge saboda alaƙarsa da bori. Na'ura ce kamar keken rubutu, ana zama a kan kujera a danna ta a cikin ɗaki. Ɗan malami da ɗan attajiri da wanda ya gama sakandare duk sun sami ƙofar shiga, ba tare da an kira su maroƙa ba. Ko shakka babu wannan ya taimaka mata fiye da araharta.

Hakan bai hana muhawara ba. Da wasu sha'irai suka fara ɗora yabon Annabi a kan kiɗan fiyano a maimakon bandiri, malamai sun sha bamban, wasu suka ƙyale, wasu suka yi suka, kuma har yanzu ba a rufe wannan babi ba.

Abin da madannai ba su iyawa

A nan ne maganar ta fi nauyi, domin na'urar ba ta tsaya ga maye gurbin makaɗi ba, ta sauya shi kansa kiɗan.

Fiyano irin ta PSR na da madannai 61. An raba kowane zangon sauti gida 12 daidai wa daida, bisa tsarin Turawa, kuma kowane madanni na da muryarsa da ba ta motsi. Sa'ar da aka yi ita ce, yawancin karin waƙoƙin Hausa a kan matakai 5 suke tafiya, kuma baƙaƙen madannai, waɗanda su ma biyar-biyar suke a kowane zango, suna bayar da wani abu mai kama da wannan tsari. Shi ya sa yaron da bai taɓa shiga ajin kiɗa ba zai iya lalubo karin waƙar dandali cikin ɗan lokaci.

Amma kama da wane ba ta wane. Hausa harshe ne mai karin sauti, inda hawa da saukar murya ke bambanta ma'anar kalma. Mai kalangu na matse igiyoyin da ke jikinsa da hammata yana sassautawa, fatar ta ɗaure ko ta saki, muryar kalangun ta hau ko ta sauka a tsakiyar bugu ɗaya. Da haka yake kwaikwayon magana, har wanda ya san take ya ji ana kiran sunansa ko ana yi masa kirari ba tare da an buɗe baki ba. Goge da kukuma su ma ba su da matakala a wuyansu, yatsa na iya zamewa ya tsaya a tsakanin sauti biyu. Madanni ba ya zamewa. Akwai wata 'yar ƙafa a gefen wasu samfuran da ake murzawa domin lanƙwasa sauti, amma ba ta kai ga yin magana ba.

Sannan ga batun muryoyin da ke cikin na'urar. A shekara ta 1991 kamfanoni suka amince da wani jeri na bai-ɗaya mai muryoyin kayan kiɗa 128, wanda ake kira General MIDI. Guda 8 kacal aka ware wa kayan kiɗan al'ummomi: sitar da shanai na Indiya, shamisen da koto na Japan, banjo, da gogen Turawa na ƙauye, da abin busar nan mai salka da aka san mutanen Scotland da shi, sai kalimba daga Afirka. Ƙararrawar agogo, mai asali da ƙasar Yarabawa, ta sami shiga a wani rukunin. Babu kalangu, babu algaita, babu gurmi.

Abin da makaɗan Kano suka yi shi ne neman mafi kusa. Shanai da algaita dangi ne, duka biyun da bakin kara ake busa su, don haka ɗaya ta tsaya wa ɗaya. Sarewar Turawa ta zama sarewar Fulani. Gangunan Latin Amurka da na Indiya suka tsaya a matsayin na gida. Wannan dabara ce ta gaske, kuma bai kamata a raina ta ba. Wanda ya saurari kiɗan finafinan farkon shekarun 2000 da kunnen basira zai ji cewa ba na Indiya ba ne, ba kuma na Japan ba. Wani abu ne na Kano, da aka ƙera da kayan aro.

Duk da haka an yi hasara. Na'urar ba ta gaggawa, ba ta jinkiri, ba ta kuma sauraren mawaƙi. A wurin Shata ko Musa Ɗanƙwairo, kiɗa ne ke bin bakin mawaƙi, ya dakata inda ya dakata, ya zabura inda ya zabura. A situdiyo kuwa mawaƙi ne ke bin na'ura. Da manhajar Auto-Tune ta zo, wadda kamfanin Antares ya fitar a shekara ta 1997, sai aka ƙara ɗaure ita kanta muryar: manhajar na janyo kowane sauti zuwa madanni mafi kusa, kuma idan aka tsananta ta sai murya ta riƙa tsalle tana ƙara kamar ƙarfe. A shekarun 2000 wannan ƙara ta zama tambarin nanaye, har ta kai mawaƙa da dama muryarsu ɗaya a kunnen wanda bai saba ba.

A Nijar an riga Kano

Masu sha'awar tarihin irin waɗannan na'urori a ƙasashen waje sun fi sanin wani suna daga Jamhuriyar Nijar. Mamman Sani Abdoulaye, wanda ya yi aiki da hukumar UNESCO, ya mallaki wata fiyanon lantarki ƙirar kamfanin Orla na Italiya a shekarun 1970, kuma a shekara ta 1978 ya naɗi kiɗansa a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai. Kaset kaɗan aka buga. Amma shekara da shekaru gidajen rediyo da talabijin na Nijar na sa kiɗan a tsakanin shirye-shirye, ta yadda mutane da dama suka san shi ba su san mai shi ba.

A shekara ta 2013 kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley, da ke birnin Portland na Amurka, ya sake buga wannan kiɗa a faifai, abin da ya kai Mamman Sani ga yin wasa a ƙasashen Turai bayan ya manyanta. Kamfanin ya kuma fitar da kiɗan wani matashi na Yamai da ake kira Hama, wanda ya yi amfani da Yamaha PSR-64, kuma kiɗansa ya fara yaɗuwa ne ta katin ajiya na wayar hannu. A dai shekara ta 2013 ya tattara waƙoƙin finafinan Kano a wani faifai mai suna Harafin So.

A kudancin Nijeriya ma an ga irin haka da William Onyeabor na Enugu, wanda ya yi faifai da na'urorin Moog tsakanin shekara ta 1977 da ta 1985, kuma duniya ba ta waiwaye shi sosai ba sai a shekara ta 2013, shekaru kaɗan kafin rasuwarsa a 2017.

Ko tsohuwar fiyano dukiya ce?

Ganin irin wannan sha'awa, mai tsohuwar na'ura a ɗaki zai iya zaton yana zaune a kan zinariya. Gaskiyar ta fi haka sarƙaƙiya.

Akwai samfuran da darajarsu ta yi tashin gwauron zabo. Na'urar ganguna ta Roland TR-808, wadda aka ƙera kimanin guda dubu 12 tsakanin shekara ta 1980 da ta 1983, ba ta yi kasuwa ba da farko saboda sautinta bai yi kama da ganga ta gaskiya ba. Da mawaƙa irin su Marvin Gaye da Afrika Bambaataa suka yi amfani da ita a shekara ta 1982, kuma daga baya ta zama ginshiƙin kiɗan hip-hop, sai farashin tsohuwarta ya ninka na sabuwa, ana cinikinta a kan dubban daloli. Haka ma TB-303 ta wannan kamfani, wadda aka riƙa sayarwa da araha a shagunan gwanjo kafin matasan Chicago su gina wani salon kiɗa a kanta.

Misalin da ya fi kusa da na Kano shi ne na ƙasar Jamaika. A shekara ta 1985 aka ɗauki wani tsararren kiɗa daga cikin ƙaramar Casio MT-40, wanda wata ma'aikaciyar kamfanin mai suna Okuda Hiroko ta shirya, aka yi waƙar Sleng Teng da shi. Ɗaruruwan waƙoƙi suka biyo baya a kan wannan kiɗa, kuma ƙaramar fiyanon ta zama abin nema.

Samfuran PSR da Kano ta yi aiki da su ba su sami wannan gata ba. An ƙera su da yawa, jikinsu roba ne, kuma a kasuwannin kayan hannu na Turai da Amurka kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Wanda aka zo masa da labarin cewa Turawa na neman su ido rufe, ya yi hattara. Darajarsu ta wani wuri ce daban, kuma tana da nasaba da wani ɗan rami da ke jikin wasunsu.

Samfurin PSR-730 na da wurin sa faifan fulofi, mai ɗaukar megabait 1.44. Abin da ake ajiyewa a kansa ba sauti ba ne, umurni ne: wane madanni aka danna, da wace murya, da wane ƙarfi, na tsawon wane lokaci. Idan aka sa faifan a wata na'ura ta daban, za ta bi umurnin, amma da nata muryoyin, sai kiɗan ya fito da wata fuska. Ke nan wanda ke son jin kiɗan wani fim na wancan zamani kamar yadda ya fito daga hannun mai shi, tsaf ba tare da shuwar kaset ba, sai ya haɗa abu biyu: faifan da aka ajiye shi, da kuma na'ura irin wadda aka yi shi da ita. Kamfanin Sony, wanda ya fi kowa yin irin waɗannan faifai, ya daina yin su a shekara ta 2011.

Situdiyon Kano kuwa sun daɗe da komawa kan kwamfuta, da manhajoji irin su FL Studio ta wani kamfanin Beljiyam, wadda aka fara sani da FruityLoops. Wannan ya zo da alherinsa, domin a yanzu ana iya kiran mai kalangu na gaskiya a naɗi bugunsa a saka cikin waƙa, kuma wasu mawaƙa irin su Aminu Ala sun riƙa haɗa kayan gargajiya da na zamani. Amma tsofaffin fiyano da akwatunan faifansu sun zama kayan da ba a waiwaya. Gidan Makama na adana kayan kiɗan gargajiya domin masu ziyara. Fiyanon da ta yi kiɗan da wata tsara guda ta tashi da shi kuwa, ta fi kusa da hannun 'yan gwangwan.

Zafi, ƙura da wuta

Yanayin Kano ba ya tausaya wa irin waɗannan kaya. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, kuma zafi na busar da ruwan da ke cikin kafasita, abin da ke jawo gurnani a lasifika ko na'ura ta ƙi tashi gaba ɗaya. Ƙurar hunturu na shiga ƙarƙashin madannai, inda wasu 'yan robobi ke taɓa allon lantarki. Idan madanni ya yi shiru, ko ya riƙa fashewa da ƙarfi ko da an taɓa shi a hankali, galibi datti ne a wurin, kuma gogewa da auduga da sifirit kan wadatar. Da damina kuma laima na sa faifan fulofi da kaset su yi fumfuna. Ajiye su a kan lasifika ma haɗari ne, domin maganaɗisun da ke cikinta na iya goge abin da ke kansu.

Abin da ya fi kashe su nan take shi ne wuta. Lantarkin Nijeriya da Nijar ya kai bolt 220 zuwa 240, na Japan bolt 100 ne, na Amurka 120. Na'ura 'yar kwatano da aka ƙera domin waɗancan ƙasashe, idan aka soka ta a bango kai tsaye ba tare da taransifoma mai rage wuta ba, ta gama yawo. Ƙananan fiyano masu adafta su ma suna da nasu tarkon: a yawancin na Yamaha tsakiyar bakin adaftar ne ke ɗauke da wuta mai alamar tarawa, a tsofaffin Casio da dama kuma akasin haka ne, alhali bakin na iya shiga ramin lafiya lau. Akwai ɗan zane kusa da ramin da ke nuna wanda ya dace. Batiran da aka manta a ciki kuma sukan zubar da ruwa su cinye ƙarfen da ke riƙe da su. DX7 da ire-irenta na da wani ƙaramin batir a liƙe a kan allonsu, wanda idan ya mutu duk muryoyin da mai ita ya tsara sukan tafi tare da shi.

Masu gyaran rediyo da lasifika na Sabon Gari na iya magance yawancin waɗannan matsaloli, tun da kafasita da fis da waya duk ɗaya ne a ko'ina. Abin da ba a samu a kasuwa shi ne guntun ƙwaƙwalwar da kamfani ya ƙera domin samfuri ɗaya kawai. Idan shi ya ƙone, sai dai a ciro daga wata matacciyar na'ura irinta, shi ya sa masu abin ba sa zubar da ko da wadda ta lalace.

Su kuwa faifan, akwai 'yar na'urar karanta fulofi da ake jonawa da kwamfuta ta kafar USB, wadda ke kwafe abin da ke kan faifai ɗaya cikin ƙasa da minti guda. Akwai kuma wata da ake sawa a gurbin ramin fulofi na jikin fiyanon, ta riƙa karantawa daga filasha. Abin da ke kan faifai dubu ɗaya bai cika gigabait ɗaya da rabi ba.